Mutanen Kurmin Amazon a Idon Masu Fim

Assalamu alaikum. Abu uku na zo da su, in lokaci ya bari.

Na farko, fim ɗin Turawa ya fi son mutumin kurmi ba riga, fuska da jan fenti, kwari da baka a hannu. Ba ya ƙarya, ba ya sare bishiya, ba shi da jiya ba shi da gobe. Kamar yabo, ko? To, irin yabon da ake yi wa yaro ne a shafa masa kai.

Ku dubi ƙasar Amazon ɗin kanta. Akwai wata baƙar ƙasa da 'yan Brazil ke kira terra preta. Ba haka aka tarar da ita ba, mutane ne suka yi ta: gawayi, toka, ƙashin kifi, fasassun tukwane, shekara da shekaru. Manoman da ke nan, ai kun gane. Juji ne! Jujin bayan gida da muke kwasa mu kai gona. Na ga Alhaji yana dariya, wallahi juji ne. Har yau ana haƙo ta a sayar saboda albarkarta. A yankin kogin Xingu na Brazil kuma an gano kufan tsofaffin garuruwa, da hanyoyi, da ramukan tsaro kewaye da su. Wato dajin da kyamara ke nuna mana kamar hannun ɗan Adam bai taɓa shi ba, wani ɓangarensa gonar kakanni ce. Gona ce, jama'a, gona!

Na uku... au, na biyu ne? To. A 1989, a garin Altamira, wata mata 'yar ƙabilar Kayapo mai suna Tuíra ta ɗora adda a kuncin jami'in kamfanin lantarki kan batun madatsar ruwa. Mutanenta kuwa suna ɗaukar taron da kyamarar bidiyo tasu. Amma da zarar ɗan kurmi ya riƙe kyamara ko waya, sai a ce ai ba na asali ba ne, don a samu hujjar ƙwace masa ƙasa.

(Tambaya daga zaure: "Malam, Avatar fa? Ba taimaka musu ya yi ba?")

Madalla, ɗana. Ya jawo hankali, ban musa ba. Fim ɗin, labarin mutanen kurmi na wata duniya da baƙi suka zo ƙwace wa ƙasa, ya fito 2009, a 2010 wanda ya shirya shi, James Cameron, ya je Xingu da kansa yana adawa da madatsar Belo Monte. An gina ta duk da haka, ta fara ba da wuta a 2016. Kuma ka tuna wa ya ceci mutanen a fim ɗin? Baƙo ne, soja. Ladan ya kira, na ukun sai wani jiƙon.