Kun kulle haska sikirin a ofis, amma har yanzu yana fita a talabijin?

Jama'a, ƙorafin nan ya yi yawa a wajen masu kula da kwamfutocin ofis: an saka doka, amma ma'aikaci ya danna maɓallin Windows da K, sai ga takardar albashi ɓaro-ɓaro a talabijin ɗin ɗakin taro.

Farkon aikin kun san shi, mu wuce da sauri. Ku shiga Intune, manhajar Microsoft ta kula da na'urorin ofis, ku buɗe kundin saituna, ku nemo Wireless Display.

To, a nan za mu tsaya. Akwai layuka biyu a wurin, ku dube su da kyau. Ɗaya ya ƙare da To PC, ɗayan From PC. Na farkon yana hana wani ya turo sikirin ɗinsa zuwa cikin wannan kwamfutar. Shi ke nan aikinsa. Bai hana ita kwamfutar ta tura nata waje ba. Wato kun hana baƙo shigowa gida, amma na ciki yana fita da kaya yadda ya ga dama. Kuma ba na ganin laifinku sosai, domin a Group Policy, ɗaya wurin saka wa kwamfutocin Windows doka, ƙarƙashin Connect, dokar hanin da ke wurin ta shigowa ce kawai, sai mutum ya kunna ta ya tafi shan shayi. Idan sirrin ofis kuke karewa, From PC za ku kashe.

Wani zai ce ai ya toshe komai a rauta, na'urar da ke raba intanet a ofis. Haba malam! Miracast, tsarin da Windows ke tura sikirin da shi, wanda ya fito a 2012, yana iya aiki da Wi-Fi Direct: kwamfuta da talabijin su haɗu kai tsaye, rautarka ba ta ma san ana yi ba.

Saura a gurguje. Chrome na da tasa hanyar ta turawa zuwa Chromecast, na'urar Google da ake haɗawa da talabijin, sai kun kashe dokarsa ta EnableMediaRouter daban. A iPhone da iPad kuwa, kuna iya rubuta jerin talabijin ɗin da AirPlay, tsarin Apple na tura sikirin, zai yarda da su, amma sai na'urar tana ƙarƙashin cikakken ikon ofis, ba wayar da ma'aikaci ya saya da kuɗinsa ba.

Ni dai a ganina kada ku kulle wa kowa da kowa. Ku fara da sashen kuɗi da na ma'aikata. In ba haka ba, ranar da oga zai gabatar da jawabi majigi ya ƙi kamawa, ku za a fara kira.