Me Ya Sa "Up" Ba Kullum Take Nufin Sama Ba?

Assalamu alaikum, masu kallo. Tun bayan darasinmu na baya, tambaya guda ce ta fi yawa a cikin saƙonnin da kuka aiko mana, kuma galibin masu yin ta ɗalibai ne da ke shirin jarrabawar WAEC ko JAMB. Tambayar ita ce, idan "give" tana nufin bayarwa, "up" kuma tana nufin sama, ta yaya aka yi "give up" ta zama dainawa ko saduda? Wani ma cewa ya yi Turawa ne kawai suka ga damar wahalar da bayin Allah.

Irin waɗannan kalmomi su ne ake kira "phrasal verbs" a Turanci, wato aikatau wanda wata gajeruwar kalma take biyo bayansa, su haɗu su ba da ma'ana guda. A wannan darasi za mu riƙa kiran gajeruwar kalmar 'yar rakiya. Kuma kada wanda ya ɗauka cewa mu kaɗai abin yake ba wuya, domin tun a shekarar 1755 Samuel Johnson ya ambata a gabatarwar ƙamusunsa cewa wannan salo yana cikin abubuwan da suka fi wahalar da baƙi masu koyon Turanci. Abin da zai kwantar muku da hankali shi ne, a shekarar 2007 wasu masana biyu, Dee Gardner da Mark Davies, sun bincika wani rumbun Turancin Birtaniya mai kalmomi miliyan 100, suka gano cewa aikatau 20 kacal, idan suka haɗu da 'yan rakiya 8, su ne suke samar da fiye da rabin irin waɗannan kalmomi da suka bayyana a rumbun. Ga 'yan rakiyar nan takwas a allo, kuma "up" da "out" suna sahun gaba.

[Allo: jerin 'yan rakiya takwas]

To, ga inda kuskuren yake. Tun a firamare aka koya mana cewa "up" sama ce, malami ya ce "stand up" mu miƙe, ya ce "sit down" mu zauna, sai abin ya zauna mana a ka, duk inda muka ga "up" sai mu fara neman abin da ya tashi sama. A wurare da dama kuwa babu abin da ya tashi ko'ina.

[Hoto: yaro da kwanon tuwo]

Ku dubi wannan yaro. Idan na ce muku ya ci tuwo, ban gaya muku ko ya rage ba, mai yiwuwa ne ƙanensa ya samu saura. Amma idan na ce ya cinye tuwon, kun san magana ta ƙare, sai dai a kai kwano wurin wanke-wanke. Bambancin da ke tsakanin ci da cinyewa shi ne ainihin bambancin da ke tsakanin "eat" da "eat up". Haka sha da shanyewa suke daidai da "drink" da "drink up". Ɗan kasuwar da ya je Dawanau ya sayi gero, "buy" ya yi. Wanda kuwa ya saye geron gaba ɗaya har wasu suka rasa, shi ne Bature zai ce ya yi "buy up". Rijiyar da ta ƙafe a watan Afrilu ta yi "dry up", tankin da aka cike da mai an yi masa "fill up", datar wayarka da ta ƙare ƙaf kuwa ka yi "use up" ɗinta ke nan.

Abin da ya kamata ku lura da shi shi ne, aikin da Bature yake sa 'yar rakiya ta yi masa, mu a Hausa ƙarshen aikatau muke sauyawa ya yi mana shi. Masanin Hausa F. W. Parsons, wanda ya koyar a makarantar SOAS da ke Landan, ya kasa aikatau na Hausa zuwa rukunai 7 da ake kira giredi a shekarar 1960, kuma giredi na 4, wato irin su saye da cike da ƙone, yawanci yana nuna cewa aikin ya kai iyaka, bai bar komai ba. Saboda haka Bahaushe ya riga ya mallaki wannan tunani tun yana goye a bayan mahaifiyarsa, kuma a ganina malaman Turanci a makarantunmu suna asarar babbar dama da ba sa fara darasin daga nan, sai su ɗora wa yara dogon jeri su ce a haddace kafin Litinin.

Akwai ma na biyu. Giredi na 5, mai ƙarewa da "-ar", yakan nuna cewa abu ya bar hannun mai shi, kuma sau da yawa "away" ce take yin wannan aiki a Turanci. Jefawa "throw" ce, jefarwa kuwa "throw away". Zubawa "pour", zubarwa "pour away". Idan attajiri ya rabar da kayansa kyauta, "give away" ya yi.

Sai dai ba zan yaudare ku ba, wannan hanya tana da iyaka. Kalmomin "up" sun kasu gida uku. Akwai na zahiri, inda wani abu ya tashi da gaske, kamar "pick up" idan ka ɗauki abu daga ƙasa. Akwai na kammalawa, waɗanda muka daɗe a kansu. Sannan akwai na uku, inda ma'anar ta yi nisa da asalinta har ba a iya hango ta daga kalmomin biyu, kuma a nan "give up" take zaune, tare da "bring up" ta renon yaro, da "turn up" ta bayyana a wurin taro, da "look up" ta duba kalma a ƙamus, da "put up with" ta haƙuri da halin wani. Waɗannan ba a fassara su kalma-kalma, a dunƙule ake koyon su. Kafin ku ce Turanci ya cika rigima, ku tuna da baƙon da yake koyon Hausa aka gaya masa cewa "ci" shi ne sa abinci a baki, sai ya ji ana cewa wane ya ci amana, wance ta ci jarrabawa, ƙasa ta ci gaba, kasuwa tana ci ranar Laraba. Shi ma sai ya koyi kowace a dunƙule, kuma babu Bahaushen da zai ba shi haƙuri.

[Hotuna: takarda tana ci da wuta, sannan rumfa tana ci da wuta]

Ga wata hujja da take nuna cewa neman alkibla a cikin 'yar rakiya ɓata lokaci ne. Takardar nan da ta ƙone ƙurmus, "burn up" ta yi, rumfar nan kuwa "burn down" ta yi, ɗaya sama ɗaya ƙasa, amma duka toka suka zama. Cike fom a Ingila an fi cewa "fill in", a Amurka an fi cewa "fill out", ciki da waje, aiki kuwa ɗaya ne. Wadda ta fi ba ni dariya ita ce ta agogon ƙararrawa, domin idan aka ce "the alarm went off", ba mutuwa ya yi ba, kaɗawa ya fara.

Sauran ƙa'idojin za mu bi su da sauri. Da yawa daga cikin waɗannan kalmomi suna yarda a raba su, saboda haka "turn off the light" da "turn the light off" duka daidai ne. Amma da zarar wakilin suna ya maye gurbin sunan, dole ya shiga tsakiya: "turn it off" ake cewa, "turn off it" kuskure ne, kuma masu tsara jarrabawa sun san cewa nan ɗalibai suke zamewa. Wasu kuma ba sa rabuwa ko kaɗan, kamar "look after" ta kula da wani, da "run into" ta yin kiciɓis da wani, shi ya sa ake cewa "look after him". Ƙamusun Oxford na masu koyo yana sa wata 'yar kibiya mai kai biyu a jikin waɗanda ake iya rabawa, ga ta nan mun zagaye muku ita da ja.

Akwai kuma salon da muka saba ji a Nijeriya, inda ake jefar da aikatau ɗin a bar 'yar rakiya ita kaɗai, a ce "off the light" ko "on the gen". A unguwa kowa zai fahimce ka, kuma ni ban ga laifinsa a hira ba, amma a takardar jarrabawa ko wasiƙar neman aiki sai ka mayar da "turn" ko "switch" wurinsu.

Ga jimloli uku a allo: "she tore up the letter", "he made up a story", da "the cat climbed up the wall". Ku tantance wacce ce ta zahiri, wacce ce ta kammalawa, wacce ce kuma sai a dunƙule, sannan ku nemo wa ta kammalawar aikatau ɗin Hausa guda ɗaya da zai ɗauke ma'anarta duka ba tare da ƙarin wata kalma ba. Ku aiko mana da amsoshinku, a darasi na gaba kuma za mu ɗauki "out" da "off".