Kwana uku bargona yana kan igiya a unguwar Nima, Akra

Assalamu alaikum jama'a, ku matso ku ga abin da Akra ta yi min. Bargon nan da kuke gani, yau kwanansa uku a kan igiya. Kwana uku fa! Bayansa ya sha iska, amma in kin matsa audugar ciki sai ki ji sanyi kamar yanzu aka tsamo shi daga baho. Ga wani wari da ya fara tashi, irin na ɗakin da aka daɗe ba a buɗe ba.

Kuma ni na jawo wa kaina. Ranar Asabar na tashi da zafina, tsakiyar watan Yuni, na ce yau sai na wanke shi. Dattijuwar gidanmu, wadda kowa ke kira Mma, ta ce, "'Yata, ki bari ruwa ya ɗauke tukuna." Na ce, "Mma, ai ga rana nan." Ta yi murmushi kawai ta ci gaba da dama kokonta na sayarwa. Ni da na tashi a Kano, inda za ki shanya bargo da hantsi, kafin la'asar ya bushe ƙayau har da ƙamshin rana, wa zai gaya min shanya?

Ashe ranar nan ta ado ce. Muna bakin teku, iskar da kanta jiƙe take, to da me za ta tsotse ruwan kayanki? Ga shi damina biyu suke yi, babba daga Afrilu zuwa Yuli, ƙarama wajen Satumba zuwa Nuwamba. Ni kuwa na zaɓi tsakiyar babbar.

Wankin ma kansa sai da na gane kurena. Famfo bai zo ba ranar, sai jarkokin nan masu ruwan ɗorawa da ake ce wa galan ɗin Kufuor, sunan tsohon shugaban ƙasar Ghana. Shida na saya, sidi 3 kowace, ban da na ɗan dako. Na zuba a babban baho, na shiga ciki ina tattakawa da ƙafa yadda Hajiyarmu ke sa mu yi muna yara, don bargo ba ya cuɗuwa da hannu. Sai dai na labta omo kamar ba da kuɗi na saya ba. Ɗauraya biyar kumfa na fita! 'Yan uwa mata, ku sa kaɗan, auduga riƙe sabulu take yi, in ta bushe da shi kuma jiki ya yi ta ƙaiƙayi. Kar kuma ku murɗe shi kamar zane, audugar sai ta dunƙule gefe guda. Ni da maigida muka naɗe shi muna dannawa, da muka ɗora a igiya nauyinsa ya tsinka ta, muka koma ɗauraya ta shida.

Matan gidan dai dariya suke min, wai wa ke rufa da bargo a Akra. Ɗaya ta ce in ya lalace in je kasuwar Kantamanto, gwanjo na nan jibge, in zaɓi wanda nake so. Allah ya kiyaye. Wannan na cikin kayan ɗakina ne, Hajiya da kanta ta shiga Kantin Kwari ta zaɓo shi, ko ban rufa ba in dai yana kan gado sai in ji kamar ina gida. Balle Yuli da Agusta ɗan sanyi na sauka da dare.

Wadda duk za ta zo garin nan aure, ta ji da kyau: ta bar wankin bargo sai Disamba ko Janairu, lokacin hunturu, duk da hunturunsu ko rabin namu bai kai ba. In kuwa yaro ya yi aika-aika dole sai an wanke, a baza shi a kan igiya biyu iska ta ratsa ta ƙasa, a riƙa juya shi, da dare a kunna masa fanka in akwai wuta. Haka Mma ta sa na yi yau da safe, ba ta ko ce min "ai na gaya miki" ba, abin da ya fi ba ni kunya ke nan.

Kai, ku dubi can, hadari ne ya haɗo kuma. Auta! Ajiye wayar nan ka zo ka kama min gefe ɗaya!