Tafkin Jeneba da igiyar ruwan da ta taɓa shiga gari

Assalamu alaikum mutanen Zazzau, na cikin birni da na Tudun Wada, har da 'yan Samaru masu cewa na manta da su. Yau ga ni a bakin Tafkin Jeneba, a ƙasar Suwizalan. Ku yi haƙuri da ƙarar iska, daga kan duwatsu take busowa, yatsuna har sun ƙage a jikin wayar. Wancan ruwan da kuke gani yana feshi sama, mita 140 yake kaiwa.

Shekaranjiya na tura wa Hajiyarmu hoton wurin nan, sai ta ce, "Kai dai ka riƙa nesa da ruwa." Na yi dariya na ce, "Hajiya, tafki ne fa, kwance yake kamar dam ɗin Kubanni." Ashe ni ne kifin rijiya.

A shekarar 563, wato kimanin shekara bakwai kafin haihuwar Manzon Allah (SAW), wani ɓangaren dutse ya rufto can gabashin tafkin, kusa da inda kogin Ron ke shigowa. Shi kogin nan kullum cikin kwaso laka da yashi yake daga tsaunuka yana jibgewa a ƙarƙashin ruwa, tudu kan tudu. Da dutsen ya faɗo, sai jibgin lakar ya zame ya gangara cikin zurfi, kuma zurfin nan ya kai mita 310. Duk wanda ya taɓa ɗauko baho cike da ruwa daga rijiya ya yi tuntuɓe a zaure ya san abin da ke biyo baya. Ruwan ya tattaru gefe guda, ya dawo ya jiƙe maka riga. To haka tafkin ya yi, sai dai wannan bahon tsawonsa ya haura kilomita 70.

Marubutan zamanin sun rubuta cewa ruwan ya share ƙauyuka da mutane da dabbobi, ya karya gadar Jeneba da injinan niƙa, ya shiga gari. A 2012 masana daga jami'ar garin nan suka gano lakar a ƙasan tafkin, suka yi lissafi: igiyar ruwa mai tsayin mita 13 a Lozan, wani birni a bakin tafkin, da mita 8 a nan Jeneba inda nake tsaye, inda ta iso bayan minti 70 da faruwar abin. Mita 8 fa, jama'a! Ku ɗaga kai ku dubi bene mai hawa biyu a Sabon Gari.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne ba sai dutse ya faɗo ba, girgizar ƙasa ma tana iya zamar da lakar. Yankin da kogin ke fitowa yana cikin wuraren da ƙasa ta fi motsi a Suwizalan, a 1946 ma an yi mai ƙarfin 5.8 a ma'aunin girgizar ƙasa a can. A tafkin Luzern kuwa, wani tafki daban a ƙasar nan, girgizar 1601 ta tayar da igiya har mita 4. Mu da ƙasa ta ɗan yi rawa a Kwoi a 2016, kun tuna yadda hankali ya tashi a jihar Kaduna.

Bari in juya muku kyamara. Ga otal-otal jere a bakin ruwa, ga wata tsohuwa da karenta cikin rigar sanyi, ga yara suna tsokanar agwagi. Ko a jikinsu. Kuma ban ga laifinsu ba, abin da ya shekara sama da 1,400 bai sake faruwa ba, wa zai hana kansa barci a kai? Ni dai da kaina na lura tun ɗazu nake leƙen hanyar da ke hawa tudun tsohon gari.

Jirgin ruwan da zan shiga ya iso, mu je in nuna muku ɗaya gefen. Don Allah Yaya, kar wanda ya nuna wa Hajiya wannan bidiyon.