Taron Suna a Cikin Gida: Zama da Goggo

Auta: Assalamu alaikum masu sauraro, barkanmu da sake haɗuwa a wannan fodkas namu na tsakar gida. Yau mu uku ne. Ga Yaya, wanda sati uku ke nan da aka yi suna a gidansa, ga kuma Goggo da muka roƙa ta zauna da mu, domin a danginmu ba a ɗora tukunyar taro ba ta wajen. Goggo, sannu da zuwa.

Goggo: Yauwa 'yar nan, Allah ya yi muku albarka. Ɗana, ya mai jego da jaririyar?

Yaya: Suna lafiya Goggo, suna gaishe ki. Allah ya saka da alheri, har yanzu maƙwabta suna zancen wainar nan.

Auta: To ni da wainar zan fara. Yaya, kafin haihuwar ai ni na ce a kama ɗakin taro, a ba masu girki kwangila, kowa ya huta. Ka ƙi.

Yaya: Na ƙi, kuma dalilina biyu ne. Na farko kuɗi. Tun da aka cire tallafin man fetur ranar 29 ga Mayu, 2023, babu abin da bai tashi ba, daga kuɗin mota zuwa kwanon shinkafa. Na biyu, mai jego kwananta bakwai da haihuwa. Ta yaya za a ɗauke ta da jaririya a kai su wani wuri su wuni a kan kujera? A gida ko ba komai in ta gaji za ta shiga ɗaki ta miƙe.

Goggo: Wannan na biyun shi ne magana. Mutane sun manta don wa ake taron. Ana ta lissafin anko da kujeru, ita kuwa wadda ta haihu tana zaune cikin zafi, an ɗaura mata ɗankwali mai nauyi, tun safe ba ta sa komai a cikinta ba. Na taɓa shiga wani gidan suna bayan la'asar, na tarar da yarinya leɓenta ya bushe. Na ce 'yar nan kin ci abinci? Sai hawaye. Gida cike da kuloli, amma ba wanda ya tuna ya zuba mata. Ni na fita da kaina na dama mata kunu. Tun daga ranar, duk taron da aka ba ni riƙo, abin da nake fara yi shi ne in ware mace guda in ce ke ba ki da wani aiki yau sai mai jego. Abincinta, ruwan wankanta, lokacin shayarwa, duk a wuyanki.

Auta: A gidan Yaya ni kika ɗora wa wannan.

Goggo: Ke na ba, kuma kin riƙe amana. Na ga lokacin da kika tsaya a bakin ƙofa kika ce a bar ta ta shayar.

Auta: Abin da ya fi ba ni wuya shi ne masu son ɗaukar jaririya. Kowa ya shigo sai ya miƙo hannu, wani daga kasuwa yake, wata tana tari. Sai na ajiye buta da sabulu da roba a bakin ɗaki, na riƙa cewa don Allah a ɗan wanke hannu. Na ɗauka za a ji haushi, amma ba wadda ta ƙi. Turaren wuta ma a tsakar gida muka kunna, ba mu bar hayaƙin ya cika ɗakin ba.

Yaya: Ni kuma ɓangaren maza ya zo mini da sauƙi fiye da yadda na zata. Raɗin suna da sassafe ne, bayan sallar asuba. Mun share ƙofar gida tun dare, muka shimfiɗa tabarmi, liman ya yi addu'a, aka sanar da suna, aka raba goro da dabino da alawa. Kafin ƙarfe 8 kowa ya kama gabansa. Daga nan mahauci ya zo aka yanka rago, wanzami ya yi wa jaririya aski.

Auta: Yaya, wani ya tambaye ni a WhatsApp, wai in namiji aka haifa dole sai raguna biyu?

Yaya: Akwai hadisin da ya zo da biyu ga namiji, ɗaya ga mace, kuma malamai da dama a kai suke. Amma a mazhabar Imam Malik, wadda ita aka fi bi a ƙasar Hausa, dabba ɗaya ta wadatar, namiji ne ko mace. Saboda haka kada wani ya je ya ciyo bashi don yana jin kunyar a ga rago ɗaya a ɗaure a ƙofar gidansa. Wanda Allah ya hore wa ya yanka biyu, madalla.

Goggo: Kuma a tuna naman nan yana da masu shi. Ungozoma tana da rabonta, wanzami yana da nasa, maƙwabta a aika musu. Kada a soye duka a kulle a ɗaki.

Auta: To Goggo, mu zo kan girki, don nan ne mutane ke rikicewa. In mace ta zo miki ta ce suna saura kwana biyar, daga ina kike farawa?

Goggo: Ba na fara tambayar kuɗi. Ina cewa mutum nawa gare ki masu aiki, kuma tsakar gidanki murhu nawa zai ɗauka? Domin ko buhun shinkafa kika saya, in mata biyu ne kawai za su tsaya a kan wuta, wahala kika sayo. Daga nan sai mu zaɓi abinci. Ni kala biyu nake so, in ya yi yawa uku. Waina da miyar taushe, sai shinkafa dafa-duka don yara da masu tafiya da shi. Amma yanzu sai ka ga an ce za a yi waina, a yi sinasir, a yi funkaso, a yi dambu, a yi alale, duk rana guda. Ƙarshenta babu wanda ya yi kyau, masu aikin kuma sun galabaita kafin baƙi su iso.

Yaya: Ni ban san waina tana cin lokaci haka ba sai da na gani da idona.

Goggo: Ai waina tun jajibere take farawa. Da safe a jiƙa farar shinkafa ta tuwo, da yamma a wanke a haɗa da 'yar dafaffiyar shinkafa da albasa a kai inji. In an dawo a sa yis a rufe, a bar shi ya tashi. Kuma sai an duba yanayi. Lokacin zafi, kamar watan Afrilu a Kano, ƙullu ba ya jira, in aka yi sake sai ya yi tsami ya zube a ƙasa. Lokacin sanyi kuwa sai an kai shi ɗaki mai ɗumi an lulluɓe. Asubar fari a ɗora tanda. A gidan ɗana tanda uku muka jera, mata uku a kai, ta huɗu tana kwashewa tana jerawa a kula. In wata ta gaji ta tashi wata ta zauna. Miyar taushe kuma kabewa ce ginshiƙinta, da gyaɗa da alayyahu da ɗan yakuwa, a sa ƙashi mai ɓargo ya dahu a ciki tun da wuri.

Auta: Cefanen kuma Yaya ne ya yi.

Yaya: Kwana biyu na yi. Mai da sukari da yis da robobin zuba abinci a kasuwar Singa na saya, kayan miya kuma na yi sammako zuwa 'Yankaba, don da safe ake sauke su kuma sun fi araha in kwando za ka saya. Goggo ce ta rubuta mini komai a takarda, ta ce kada in ƙara kada in rage. Abu ɗaya ne na yi gaban kaina, kuma shi ne ya ba mu matsala.

Auta: Kunun aya.

Yaya: Kunun aya. Ina son sa, na ce lallai a yi da yawa. Goggo ta ce a bari, zoɓo ya isa. Na nace. Aka niƙa, aka tace, aka ƙulla tun dare da niyyar ya kwana a firji, sai wuta ta ɗauke ba ta dawo ba. Ƙanƙarar da muka samu da safe ba ta kai ko'ina ba. Kafin azahar ya fara yauƙi, dole muka zubar. Abin ya dame ni ƙwarai, don ayar da dabinon da kwakwar ba ƙaramin kuɗi suka ci ba, ga wahalar matan da suka tace.

Goggo: Kunun aya ba ya haƙuri da zafi, ɗana. In za a yi shi, a yi shi ranar, kaɗan, a sha a gama. Zoɓo da citta da kanumfari ya fi shi juriya. Kuma gara da kuka zubar. Da an ba mutane sun sha cikinsu ya ɓaci, da abin da za a riƙa tunawa da sunan ke nan. Haka ma shinkafa, kada a dafa ta tun dare a danne a kula har la'asar. A dafa kashi biyu, na safe da na rana.

Auta: Tunda an ambaci wuta, bari in ja kunne a kan janareta. Ranar taro mutane kan shigo da shi soro ko lungun ɗaki don gudun ɓarayi ko don kada ƙara ta dami baƙi. Gubar da ke cikin hayaƙinsa ba a ganin ta, ba ta da wari, kuma tana kisa, balle ga jariri. A ajiye shi waje a fili, nesa da taga. Tukunyar gas ma kada a jingine ta kusa da murhun itace.

Yaya: Yara kuma a nisanta su da wajen suya. Mun ja igiya muka kare wajen, muka sa wani ƙanenmu ya zauna.

Auta: Goggo, akwai abin da kika yi kwana uku kafin suna da ni ban taɓa tunaninsa ba. Kin zaga maƙwabta.

Goggo: Gida-gida na shiga. Taro a cikin gida ai na unguwa ne, ko kin so ko kin ƙi. Hayaƙinki zai shiga ɗakinsu, baƙinki za su tare musu ƙofa da babura da Keke Napep, yaran baƙi za su shiga banɗakinsu. In kin riga kin je kin yi sallama kin ce ga abin da ke tafe, sai ki ga su ne ke kawo miki manyan tukwane da tabarmi. Matar da ke jikin katangarku ta dama, ai ita ta buɗe mana falonta muka zaunar da dangin mai jego da suka zo daga Gusau. Ba mu roƙa ba. Kuma da aka sauke waina, kwanonta na fara cikawa kafin na kowa.

Yaya: Ni lissafina ma ya ɓace. Mata 60 na ƙiyasta, waɗanda suka shigo sun haura 100.

Goggo: Haka suna yake, ba a zuwa da katin gayyata. Wadda ka gaya wa za ta zo da kishiyarta da 'yarta da 'yar maƙwabciya. Shi ya sa nake ɓoye kula guda a ɗaki, ba na buɗewa sai bayan la'asar, don masu zuwa a makare, waɗanda galibi su ne na nesa. Sannan ina ware tukunya ta almajirai da mabuƙata tun farko, kada a bar su sai abin da ya saura a faranti. Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, ya kira abincin walimar da ake gayyatar masu hali a bar talakawa mafi sharrin abinci. Ni wannan hadisin yana tsorata ni duk ranar da na tsaya a kan rabo.

Auta: Rabon ma ai fanni ne. Na lura ba ki bari kowa ya sa hannu ba.

Goggo: Mutum biyu kawai. In hannu ya yi yawa a kula, wata za ta tafi da roba uku, wata ta tashi ba ta samu ba, kuma ita ce za ta riƙe abin a zuciya shekara da shekaru. Dangin miji da dangin mata a zuba musu iri ɗaya, nama iri ɗaya. Na ga zumuncin da ya yi rauni a kan tsokar nama.

Yaya: Wani abin da mutane ba sa sawa a lissafi shi ne ruwa. Mai ruwa kura uku ya kawo mana, duk suka ƙare. Ga girki, ga wanke-wanke, ga alwala. Butoci goma muka ajiye, muka keɓe wuri mai tsabta da darduma don mata su yi azahar da la'asar ba tare da an tsallaka kwanuka ba.

Auta: To Goggo, ni har yanzu ina ganin akwai waɗanda ɗakin taro ya fi musu. Mace tana haya a ɗaki ɗaya, a garin da ba ta da dangi, wa zai tsaya mata a kan tanda?

Goggo: Wannan gaskiya ne, ban musa ba. Amma ita ma ba sai ta kama wuri ba. Ta sayi waina wajen mai yi, ta kira mata goma da suka san ta, a ci a yi addu'a. Shimfiɗar fuska ta fi ta tabarma. Sunan ya yi, jaririn ya samu albarka. Abin da ba na so shi ne ta kwashe kuɗin adashinta a wuni ɗaya, washegari babu na ƙashin miya da za ta sha ta samu nono.

Yaya: Washegarin ma akwai aiki. Mu sai da muka kai azahar muna mayar da tukwane da kujerun haya. Goggo ta ce kada a mayar da tukunyar aro wayam, kowace sai da aka sa soyayyen nama da cincin a ciki.

Goggo: Kuma ku je da ƙafarku ku yi bangajiya, kada ku aika yaro. Ka je gidan matan da suka yi suya?

Yaya: Na je gida uku, saura ta huɗun, an ce ta tafi Wudil gaisuwa. Jibi za ta dawo in sha Allah.

Goggo: To in za ka je ka biyo ta gidana, akwai turmin atamfa da na ajiye mata. Ita ce ta ƙone a hannu ba ta gaya wa kowa ba sai da aka gama.

Auta: Allah sarki, ban ma sani ba. Yaya, ni ma zan bi ka. Masu sauraro, a nan za mu dakata, Goggo za ta wuce ta duba mai jego kafin magariba. Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.