Lambar 142,857, mai zagaye ta dawo gida

Jama'a, barkanmu da warhaka. Abubuwa uku zan faɗa a kan lambar nan da ke allo, 142,857. Yau dai ba zan ce ku ajiye wayoyinku ba, ku ɗauko su, kalkuletar ciki nake so.

Na farko, ku ninka ta sau 2. Me ya fito? 285,714. Ku duba da kyau, akwai baƙuwar lamba a ciki? Babu. Su ne dai shidan nan, kuma ba su ɓata jerinsu ba, inda aka fara karantawa ne kawai ya sauya. Sau 3, 428,571. Sau 4, 571,428. Sau 5, 714,285. Sau 6, 857,142. Kamar mutum shida ne suka yi da'ira, ko ta kan wa ka fara ƙirga, maƙwabcinsa bai canza ba. To sau 7 fa? Malam na baya, danna mana. 999,999! (Dariya) Shekara da shekaru ina nuna wannan, har yau sai na ji daɗi.

Kada wani ya ce siddabaru ne. Raba 1 da 7, za ka sami 0.142857, ta yi ta maimaita kanta ba iyaka. Sirrin yana wajen ragowa. In kana rabawa da hannu, ragowar da za ta riƙa fitowa ita ce 1, 3, 2, 6, 4, 5, sannan ta koma 1. Duk ragowa shida da 7 ke iya bari sun fito, ba wadda aka tsallake. Shi ke nan fa. Duk shidan sun fito, shi ya sa da'irar ta cika. Ku kuma raba 142,857 gida biyu ku haɗa: 142 da 857, 999 ke nan.

Na biyu... kai, lokaci ya ja. Haɗa lambobinta, 27 ne, kuma 27 na raba ta daidai, 5,291. Irin waɗannan ana ce musu lambobin Harshad, sunan da Kaprekar ya ba su, wani malamin makaranta ɗan Indiya da ya rasu a 1986. Na huɗu, ko na uku ne? Ninka ta da kanta, 20,408,122,449. Yanka gida biyu, 20,408 da 122,449, haɗa su, ta dawo 142,857.

Na'am, Malama? Tana tambaya ko 13 ma za ta ba da cikakkiyar da'ira kamar yadda 7 ta yi. A'a, ba ta yi. Raba 1 da 13, 0.076923, bayan lamba shida ta fara maimaici, alhali ragowa 12 take da su. Sai suka rabu gida biyu, dangin 076923 da dangin 153846, wadda ke fitowa in ka raba 2 da 13. Wadda ke yi bayan 7 ita ce 17, da lambobi 16. Wataƙila kalkuletarku ba za ta nuna su duka ba, sai da biro da takarda. Wa zai fito allo ya fara mana?