Sojojin Roba Masu Tsawon Ɗan Yatsa: Jamusawa da Italiyawan Yaƙin Duniya na Biyu

Masu kallo, ku dubi abin da ke tafin hannuna. Tsawonsa santimita 5 kacal, amma ga hular kwano, ga bindiga, ga gorar ruwa a ƙugu, har maɓallan rigarsa ana iya ƙirgawa. Sojan Jamus ne na Yaƙin Duniya na Biyu, wanda dattawa ke kira yaƙin Hitila, an zuba shi da roba.

A jikin kwalinsa an rubuta 1/35. Wato an kasa girman abu kashi 35, an ɗauki ɗaya. Mutum mai tsawon santimita 175 sai ya koma 5, haka tankarsa, haka buhun yashin da yake fakewa a bayansa. Kamfanin Tamiya na Shizuoka a ƙasar Japan ne ya yaɗa wannan ma'auni. Da sana'ar katako ya fara a 1946. A farkon shekarun 1960 ya fitar da 'yar tankar Jamus ta Panther mai tafiya da batir, aka yi cikinta daidai yadda zai ɗauki batura biyu. Da aka auna ta da ta gaske, sai lissafi ya faɗo a kan 1/35, kuma a nan aka tsaya har yau. Akwai kuma 1/72, inda soja bai cika santimita biyu da rabi ba. Airfix na Ingila da Italeri na Italiya sun yi suna a waɗannan ƙanana.

Ba a haɗe yake zuwa ba. Ana narka roba, a tura ta da ƙarfi cikin mazubin ƙarfe, ta fito a jikin wani firam: kai daban, hannuwa daban, jaka daban. Kai da kanka za ka yanke su, ka kankare layin da bakin mazubi ya bari, ka goge da samfefa, ka liƙa da gam mai narka robar har ɓangarorin biyu su zama ɗaya. Sannan fenti, kuma a nan ake gane gwani.

To, bari mu jera biyu. Na dama Bajamushe ne. Kakinsa toka-toka ne mai sirkin kore, hular kwanonsa ta sauko ta rufe kunne da ƙeya, a bayansa akwai dogon gwangwani mai gurza-gurza na ajiye abin kare fuska daga iskar guba, a hannunsa bindigar Karabiner 98k. Na hagu ɗan Italiya ne. Hularsa ta fi zagaye, ba ta da wannan saukowar, ƙwaurinsa naɗe da ƙyalle, bindigarsa Carcano. Yanzu ku matso ku ga gefen dama na hular. Wannan tulin baƙin gashin tsuntsu alamar rundunar Bersaglieri ce, kuma har cikin hamadar Libiya ba su cire shi ba. A ganina, babu abin da ya fi shi wuyar fenti a duk kwalin. Baƙi zalla yana kashe shi, sai an ɗan shafa kore mai duhu a kai kafin ya yi ƙyallin gashin gaske.

Idan na hamada za ka yi, kada ka bi launin sabon kaki. Rundunar Jamus ta Afrika Korps ta sauka Tarabulus a Fabrairun 1941 da kaki launin zaitun, rana da wanki suka koɗe shi har ya kusa zama launin rairayi. Sojoji biyar a rami ɗaya, kowa da irin koɗewar rigarsa.

Abin da ke damuna da kasuwar nan shi ne yadda Jamusawa suka cika ta. Za ka samu masu harbi, masu cin abinci, masu gyaran tanka, masu barci ma. Italiyawa kuwa sai ka yi cigiya. Alhali galibin lokacin yaƙin Arewacin Afirka sun fi Jamusawa yawa a fage, kuma sojojin laima na Folgore da rundunar tankoki ta Ariete sun yi tsayin daka a El Alamein ta ƙasar Masar a 1942, kafin Jamusawa da Italiyawan duka su miƙa wuya a Tunisiya a watan Mayun 1943.

Za ku lura kuma kwalaye da yawa ba su da tambarin 'yan Nazi, domin dokar Jamus ta hana nuna shi a kayan sayarwa irin wannan. Ni dai ba na ɗaukar buroshi ba tare da tuna abin da masu wannan kaki suka aikata ba. Gwamnatin da ta ɗinka wa Bajamushen nan riga ta hallaka Yahudawa miliyan shida. Wadda ta ɗinka wa ɗan Italiyan ta rataye Umar Mukhtar, jagoran gwagwarmayar Libiya, a 1931, ta zuba wa Habasha iskar guba bayan mamayar 1935.

Kuma wannan na hagun ba baƙo ba ne ga tarihinmu. Sojojin Najeriya na birged ta 23 ne suka shiga Mogadishu a Fabrairun 1941, suka bi Italiyawa har Harar a Habasha. Daga Chadi kuma dakarun Faransa ƙarƙashin Leclerc suka ƙwace Kufra ta Libiya daga hannun Italiyawa a farkon Maris na shekarar. Filin da nake shiryawa a kan wannan katako na hanyar Harar ne. Ɗan Italiyan ya samu. Sojan Najeriyan kuwa da hannu zan sassaƙa shi daga jikin na Ingila, zan fara da kai da hula.